An kira ni gwajin ciwon hanta da HIV saboda ƙasar da aka haife ni, in je ko in share?

Sabon_Zuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka min. Watana biyar da zuwa Ingila karatu. Na yi rajista da likitan unguwa kamar yadda aka ce kowa ya yi, sai ga saƙo shekaranjiya wai ana gayyatata gwajin jini na ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Na buga na tambayi dalili, matar ta ce suna aika wa duk wanda aka haifa a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Abin ya tsaya min a rai. Lafiyata ƙalau, ban taɓa yin shawara ba, ba a taɓa ƙara min jini ba. Wanda muke gida ɗaya da shi Bature ne, shi ko kallonsa ba su yi ba. Wannan ba wariya ba ce? Sannan in aka ga wani abu, ba zai shafi bizata ba?

Ɗan_Tasi77:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, a bar kaza cikin gashinta. Yayana ya sayar da duk abin da ya mallaka don aiki a wata ƙasar Larabawa, ya je gwajin lafiya, aka ce yana da B, aka buga masa hatimin bai cancanta ba. Kuɗi sun tafi, aiki ya tafi, har auren da yake nema ya watse da labarin ya fita. Mutumin da yake yawo da ƙafarsa garau! Ni tun daga ranar na ce ba mai ɗibar jinina sai in ina kwance.

AbuFatima:
Ni ma zuciyata ta fi karkata ga maganar Ɗan_Tasi. Me ya sa sai mu?

Nas_Dare:
Allah ya musanya wa yayanka da mafi alheri, Malam Ɗan_Tasi. Amma abu biyu kuka haɗa wuri ɗaya. Gwajin da ake yi wa masu zuwa aiki ƙasashen Gulf sharaɗin biza ne, kuma gaskiya ne ana mayar da mutum saboda HIV ko ciwon hanta. Wanda aka kira Sabon_Zuwa kuwa na asibitinsa ne, in ya ga dama ya je, in bai ga dama ba ya zauna. Sakamakon yana tsakaninsa da masu duba shi.

Batun "me ya sa sai mu", amsar tana cikin yadda B ke kama mutum. Babba in ya kamu, jikinsa kan yaƙe ta da kansa, ƙasa da mutum 5 cikin 100 ne take zama musu ta dindindin. Jaririn da ya ɗauka wurin haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 ta zauna ke nan. Tana shekara ashirin, talatin ba ta ce uffan ba, tana cin hanta a hankali. Saboda haka tambayar ba wai me ka aikata ba ce, tambayar ita ce a ina aka haife ka, kuma a wace shekara, an yi maka rigakafi ranar haihuwa ko ba a yi ba. Ɗan Chana, ɗan Biyetnam, ɗan Romaniya, duk irin saƙon nan suke samu. "Lafiyata ƙalau" da ka ce shi ne abin da kusan duk wanda muka gano yake faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Shiru_Kake_Ji:
Anti Nas, a yi gyara kaɗan. Tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba. A 2017 an yi yarjejeniya a Ingila wadda ta ba ma'aikatar cikin gida damar neman adireshin marasa lafiya daga rajistar hukumar lafiya don farautar waɗanda takardunsu suka ƙare. Sai da likitoci da 'yan majalisa suka yi ca a kai aka janye ta a 2018. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Nas_Dare:
Haka aka yi, ban musa ba, kuma ta yi ɓarna sosai don har yau akwai masu gudun asibiti saboda ita. Sai dai ko a lokacin adireshi da makamantansa aka riƙa bayarwa, ba sakamakon jini ba. Kuma a Ingila gwaji da maganin HIV kyauta ne ga kowa tun Oktoban 2012, da takarda ko ba takarda. Ciwon hanta na ƙwayar cuta shi ma yana cikin jerin cututtukan da ba a cajin baƙo a kansu.

Ɗalibar_Likita:
Bari in ɗan zuba alƙaluma, a yi haƙuri da ni, jarrabawa ce ta sa suka zauna min a ka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar kaɗai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cikin masu B kashi 13 cikin 100 kawai suka san suna da ita. Yankin Yammacin Fasifik, wato su Chana, ne ya fi yawan masu B, miliyan 97, Afirka na biye da miliyan 65. To in mutane suka taso daga waɗannan wurare suka koma ƙasar da cutar ba ta da yawa, dole su ne za su cika layin asibitin hanta. A Amurka kusan kashi 70 na masu B ta dindindin ba a can aka haife su ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Turai, ECDC, ta fitar da jagora a 2018 cewa a miƙa wa sabbin baƙi tayin gwajin B ko C in sun fito daga ƙasar da cutar ta kai kashi 2 cikin 100, HIV kuma kashi 1. Tayi ne, ba tilas ba.

MaiGemu:
Irin waɗannan alƙaluman ne 'yan siyasar da ba sa son baƙi suke ɗauka su hau mumbari, su ce mu ne muke kawo musu cuta. Shi ya sa ni ban so ana yaɗa su.

Gimbiya_a_Faransa:
Malam MaiGemu, ɓoye su ba zai hana masu magana magana ba. Gara mu san abin da za mu mayar musu. A nan Faransa an yi wani bincike mai suna Parcours a yankin Paris a kan 'yan Afirka ta kudu da Sahara masu ɗauke da HIV, aka gano tsakanin kashi 35 zuwa 49 cikin 100 bayan sun iso Faransa suka kamu, ba da ita suka zo ba. Kuma an ga abin yana da alaƙa da wahalar shekarun farko: ba takarda, ba wurin kwana tsayayye. Na yi aikin sa-kai a wata ƙungiya da ke taimaka wa mata sabbin zuwa, na ga abin da idona. Yarinya ta sauka ba ta san kowa ba, wani ya ce zo ki zauna a ɗakina kafin ki samu naki, kun san sauran zancen. Ba ta da bakin cewa ya sa kororon roba, don gobe sai ta kwana a tashar jirgin ƙasa. Wannan ba cutar da aka ɗauko a jaka ba ce.

B kuma da ake ta faɗa, yawanci tun suna jarirai suka samu, kuma ba ta bin iska ko musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya zauna kusa da kai a bas ba abin da zai same shi.

MaiGemu:
Ban san da wannan binciken ba. Na ƙaru, Hajiya.

Uwar_Biyu:
Na daɗe ina karantawa ina tunanin in yi magana ko in yi shiru. Bari dai in faɗa ko wani zai amfana.

Ni wurin awon cikina na fari aka gano, wata takwas da zuwana. Ungozomar ta kira ni ta ce in zo da wuri. Da ta ce ciwon hanta B, wallahi ban ji sauran abin da ta faɗa ba, kaina ya ɗau zafi. Na koma gida na faɗa wa maigidana, ya yi shiru, ya tashi ya fita. Kwana uku ba ya cin abincina. Ya ware kofinsa da cokalinsa. Abin da ya fi min ciwo ba wannan ba ne, kallon da yake min ne, don wani abokinsa ya ce masa ta hanyar kwanciya kaɗai ake ɗauka. Ni da ban san kowa ba sai shi.

Ranar da muka je wurin likitar hanta, Allah ya saka mata, ta zaunar da shi ta zana masa a takarda. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya rasu da ciwon hanta ko kumburin ciki a danginmu. Sai na tuna ƙanin mahaifiyata, cikinsa ya kumbura idonsa ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne. Ta ce in sa a gwada mahaifiyata da 'yan'uwana. Mu shida ne, huɗu muna da ita, har da Mama. A nan maigidan ya sunkuyar da kai. Shi da aka gwada shi ba shi da ita, aka yi masa allurar rigakafi guda uku.

Ƙwayar cutar ta yi yawa a jinina, saboda haka aka ɗora ni a kan maganin tenofovir a watannin ƙarshe na cikin. Ranar da na haihu aka yi wa yaron allura biyu, ta rigakafi da wata ta garkuwa da ake ba jariran da uwayensu ke da ƙwayar da yawa. Na shayar da shi nono yadda kowa ke yi. Da ya cika shekara aka gwada, babu. Ƙanwarsa ma babu. Ni kuma ina zuwa ana duba jinina da hoton hanta lokaci-lokaci.

Sabon_Zuwa, ban ce maka komai ba, labarina kawai na ba ka.

Dattijo58:
Allah ya ƙara lafiya 'yata, ya raya miki zuri'a. Ki yafe wa maigidan, rashin sani ne.

Uwar_Biyu:
Amin Baba. Na yafe tuni, amma kofin nan har yau ina tsokanarsa da shi.

Zaki_Mai_Kishi:
To ai yanzu an samu maganin da ke warkar da ciwon hanta gaba ɗaya cikin wata uku. Wani ɗan Masar da muke aiki tare ya sha ya warke tas. Me ya sa ba a ba ta shi ba?

Ɗalibar_Likita:
Yaya Zaki, na abokinka C ne. Sunan ne ya zo ɗaya, amma ƙwayoyin ba dangin juna ba ne. C tana da maganin da ke warkarwa, ƙwayoyi ne na sati 8 zuwa 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da ita. Maganin sofosbuvir da ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen 2013 aka amince da shi a Amurka. Sai dai ba ta da allurar rigakafi, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa. B kuwa akasin haka: tana da rigakafi tun farkon shekarun 1980, amma maganinta, tenofovir ko entecavir, danne ta yake yi, ba kasafai yake kawar da ita ba. Kuma ba kowane mai B ne ake ɗora wa magani ba, sai an duba yawan ƙwayar da halin da hantar ke ciki.

Labarin Masar kuwa abin karatu ne. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata, C ta bi ta nan ta mamaye ƙauyuka. A 2018 suka tashi gangamin gwada kusan duk wani baligi a ƙasar, suka gwada mutum sama da miliyan 50, suna ba da magani kyauta. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su matsayin zinare a hanyar kawar da cutar, su ne ƙasa ta farko.

Nas_Dare:
Ƙari a kan wannan: gwajin farko na C yana nuna jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu na kawar da ita da kansa. Sai an yi na biyu, na neman ƙwayar kanta, kafin a ce kana da ita yanzu. Na ga wanda ya yi sati biyu yana kuka a banza.

Kuma don Allah masu B da ke shan magani, kada ku daina don wani ya turo muku garin magani a leda ya ce yana wanke hanta. Tsayar da tenofovir kwatsam kan sa cutar ta taso da ƙarfi. Mun kwantar da wani bawan Allah a kan haka, da ƙyar aka ceto shi.

Tafinta:
Ni aikina fassara a asibitoci, bari in faɗi abin da likitoci ba sa gani. Da yawa ba gwajin suke tsoro ba, ni suke tsoro. Mutum ya shigo ya ga tafintan yarensu ɗaya, wataƙila sun taɓa haɗuwa a wurin suna ko ɗaurin aure, nan take sai ya ce lafiyarsa lau, ya zo karɓar maganin ciwon baya ne. Mun sa hannu a kan riƙe sirri, amma shi ina ya sani? Wasu kuma sai su zo da ɗansu ɗan shekara sha biyu ya yi musu fassara. Yaro ne zai faɗa wa uwarsa tana da HIV? Ku sani kuna da damar cewa a ba ku tafinta ta waya, wanda bai ganin fuskarku.

Sai matsalar kalma. Na taɓa ganin wanda aka ce masa da Turanci sakamakonsa ya fito "fozitib", wato an ga cutar, ya yi murmushi ya yi godiya ya tafi, a zatonsa albishir ne. Sai bayan wata biyu aka gane bai fahimta ba.

AbuFatima:
To mu da muke shirin Amurka ko Kanada fa? Can ma ana mayar da mutum?

Ɗan_Toronto:
Amurka ta cire HIV daga cututtukan da ke hana shiga tun Janairun 2010, ba ya ma cikin gwajin neman katin zama. Tarin fuka da tunjere da ciwon sanyi suke dubawa, da katin rigakafi. Kanada tana gwada HIV ga duk mai shekara 15 zuwa sama a gwajin shige da fice, amma samunta ba ya nufin an ƙi ka kai tsaye. Abin da suke aunawa shi ne nauyin kuɗin jinyarka a kan gwamnati, kuma 'yan gudun hijira da matar aure ko mijin da aka ɗauki nauyinsa wannan ƙa'idar ba ta hawa kansu. Kowace ƙasa da nata, kada a yi musu kuɗin goro.

Sannan game da "sai mu" da aka yi ta faɗa a sama, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tun 2023 ta ce kowane baligi a gwada shi B aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa, C kuma tun 2020. Ba ruwansu da inda aka haife ka.

Frau_Amarya:
Jamus ma tun Oktoban 2021 duk mai inshorar gwamnati da ya kai 35 ana yi masa B da C sau ɗaya a cikin duba lafiyar da aka saba. Matsalar ita ce yawancin sabbin zuwa ba su kai 35 ɗin ba, su ne kuma suka fi buƙata.

Nas_Dare:
Ai ko a Ingila tun Afrilun 2022 manyan asibitoci a Landan da Manchesta da wasu garuruwa suna gwada duk babban da aka ɗebi jininsa a sashen gaggawa, Bature da baƙo, sai in ka ce ba ka so. Ni na fi son wannan tsarin, don ba wanda zai ji an nuna shi da yatsa. Amma shi sai ka yi rashin lafiyar da ta kai ka can tukuna.

Ɗan_Tasi77:
Duk na ji. Amma ku faɗa min, in ba a warkewa daga B ɗin, mene ne amfanin sani? Ka ɗora wa kanka damuwa kawai. Kowa da ranarsa.

Bakin_Ganga:
Yaya Ɗan_Tasi, abokina da muka tsallako tare shekararsa 34 ya rasu. Yana aikin gini, ƙaƙƙarfa ne, ba ya sha ba ya busawa. Ya fara ramewa, yana cewa gefen cikinsa na dama na masa nauyi, muka ce gajiya ce. Ranar da ya yarda ya je asibiti sankara ta riga ta cinye hantar. Wata uku ya ƙara. Likitan ya ce mana da an san yana da B, da ana masa hoton hanta duk wata shida, kuma ƙari in yana ƙarami ana iya yanke shi ko a ƙone shi. Ranarsa ce ta zo, na yarda. Amma ni na wanke shi, kuma washegari na je aka ɗebi jinina.

Dattijo58:
Allah ya jiƙansa. Neman magani ba ya karo da tawakkali, ɗana.

Gimbiya_a_Faransa:
HIV ma haka. Wanda ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya, kuma mata suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Waɗanda muke rasawa su ne masu zuwa a makare. Mai zama a Faransa da ke tsoron a ga sunansa, akwai cibiyoyin gwaji da ake kira CeGIDD, kyauta ne, kuma kana iya cewa ba ka son ba da suna.

Sabon_Zuwa:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Na je ranar Talata, yau sakamako ya fito. HIV babu, C babu. Na B ne ya rikita ni. An rubuta HBsAg babu, amma anti-HBc akwai, anti-HBs ma akwai. Ina da ita ko ba ni da ita? Har yanzu dai ina ganin da sun bayyana dalili a cikin saƙon tun farko da bai yi min zafi haka ba.

Nas_Dare:
Alhamdu lillahi. HBsAg shi ke nuna ƙwayar tana jiki yanzu, anti-HBc alamar ta taɓa shiga ne, anti-HBs kuma alamar garkuwa. Ma'anarsa ka taɓa kamuwa a wani lokaci, jikinka ya yaƙe ta, yanzu kana da garkuwa. Ba ka buƙatar rigakafi, ba ka sa wa kowa. Abu biyu ka riƙe: in wata rana za a ba ka maganin sankara ko wani mai danne garkuwar jiki, ka faɗa wa likita wannan sakamakon, don takan iya farfaɗowa a irin wannan hali. Sannan tunda ba ka san inda ka samo ta ba, zai yi kyau iyayenka da waɗanda kuka tashi gida ɗaya su ma a duba su. Batun saƙon kuma ka yi gaskiya, ka rubuta musu ka faɗa.

Sabon_Zuwa:
To fa. Yanzu ta yaya zan fara wannan maganar da mahaifiyata a waya ba tare da hankalinta ya tashi ba? Anti Uwar_Biyu, ke ya kika yi?

Uwar_Biyu:
Ban fara da ita ba. Babbar yayarmu na kira, ita ta je aka gwada ta, sannan ta ɗauki Mama ta ce za a duba hawan jini ne da sauran abubuwa. Ka nemi wanda take jin maganarsa.

Ɗan_Tasi77:
Anti Nas, na turo miki saƙo ta gefe. Ba don ni ba ne, yayan nawa ne, tun wancan gwajin shekara shida ke nan ba wanda ya sake duba shi.